Hoton Makaɗi a Cikin Duhu

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na ƙungiyarmu, mako biyu kafin daren al'ada na bana. An ɗan gyara shi domin wannan mujalla.



 Na san wasu daga ɗakin gwaje-gwaje suka wuto nan, wasu kuma aikin dare na jiransu, don haka ba zan ja ku da nisa ba. Da sakatare ya ce in yi magana, na ɗauka a kan bincikena ne, har na fara murna, don shekara biyu ke nan ina neman wanda zai zauna ya saurare ni a kan batiran ajiye lantarki ban samu ba. Sai ya ce a'a, a kan hoto ne. To, ni dai ba mai hoto ba ne. Injiniyan lantarki na karanta, kyamarar gwanjo ce kuma a hannuna. Abin da na fi wasunku kawai shi ne na riga ku ɓata hotuna, kuma na zauna na bi diddigin abin da ya ɓata su.

Ga abin da ya kawo maganar. Kwamitin mujallar tunawa ya nemi kowa ya turo tsoffin hotunan ƙungiya, ni kuma aka ɗora mini tantancewa. Hotuna sun zo, alhamdulillah, har wayata ta cika. Na ranar yaye ɗalibai, tas. Na Sallah a filin shaƙatawa, tas. Na tsayuwa layi-layi, kowa ya harɗe hannu kamar 'yan ƙwallo, waɗannan kam sun fi ɗari. Amma da na zo kan daren al'ada, daren da muka fi jin kanmu a gida a garin nan na Mancesta, sai na rasa guda goma da za a iya bugawa. Wani baƙi ƙirin, sai fitila ɗaya can kamar tauraro. Wani ja jawur. Wani kuma ka ga mutum da hannu uku, fuskarsa ta shafe kamar an wanke allo. Wanda zai buɗe mujallar nan bayan shekara ashirin zai ɗauka ba mu taɓa yin komai ba sai tsayuwa a layi.

Kuma mafi muni a cikinsu nawa ne. Waɗanda suke nan a 2022 za su tuna dattijon da ya zo ganin ɗansa, ya taho da kalangunsa a cikin jaka tun daga gida. Kiɗan mahauta ya gada. Aka roƙe shi, ya yi ta noƙewa, daga baya ya hau dandamali ya yi mana kamar minti ashirin, har wasu manyanmu da ban taɓa ganin haƙoransu ba suka miƙe. Ni ina gaba da kyamarar da na saya mako uku kafin nan, na bar ta a Auto, ina ta dannawa ina jin kaina. Na ɗauki sama da ɗari biyu. Da aka tashi ya yafito ni, ya ce, "Yaro, ka ɗauke ni?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba." Ya ce in ba ɗansa, don duk shekarun da ya yi yana kiɗa ba shi da hoto ko ɗaya da kalangu a hammata. Na koma ɗaki na buɗe kwamfuta. Wallahi babu guda ɗaya da za ka gane fuskarsa. Bara Allah Ya yi masa rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Ɗansa ya kira ni yana tambayar hotunan, na tura masa mai dama-dama a ciki, ya yi ta godiya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na koma ga abin da aka koya mana a makaranta: in abu ya lalace, a kwance shi a ga inda ya lalace.

Idonku yana ruɗinku, daga nan za a fara. Ido yana sabawa da duhu, bayan 'yan mintoci sai ka ga zauren kamar da haske. Tsakar rana hasken waje yakan kai lux 100,000. Ofis mai fitilu masu kyau, wajen 500. Zauren da muke haya, in an kashe manyan fitilu an bar masu launi, ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ita kyamara ba ta san sabo ba. Haske take tarawa ƙwaya-ƙwaya, abin da ta samu shi za ta ba ka.

Ku tuna tarar ruwan sama a tsakar gida. In mamako ake yi, ka jera kwanuka goma, bayan minti ɗaya duk sun kusa zama daidai. In yayyafi ne, ka ajiye su na sakan ɗaya, wannan ɗigo uku, wancan bakwai, wani ko ɗaya babu. A cikin kyamara akwai wani ɗan faranti, sensa, mai ɗauke da miliyoyin irin waɗannan kwanuka. Yashi-yashin nan da kuke gani a hoton dare, mafi yawansa wannan bambancin ne na tsakanin kwano da kwano. In kwano ya tara ƙwayar haske 100, saɓanin yakan kai wajen 10, wato kashi 10 cikin ɗari. In ya tara 10,000, saɓanin wajen 100 ne, kashi 1 kacal. 'Yan lissafi sun riga sun gane Poisson ne. Sauran kuma ku riƙe wannan: yashin nan daga ƙarancin haske yake zuwa, kyamararku ba ta lalace ba.

To ya ake ƙara abin da ke shiga kwano? Ko ka daɗe kana tara, ko ka faɗaɗa hanyar shigarsa. In duk sun gagara, sai ka ƙara wa ɗan abin da ka samu ƙarfi. Maɓallai uku ke nan, kuma kowanne da abin da yake karɓa a hannunka.

Na farko shi ne shota. Shota na ce, ba Shata ba. Marfi ne da ke buɗewa ya rufe, tsawon buɗewarsa kuma shi ne lambar da kuke gani kamar 1/30 ko 1/250, wato kaso na sakan ɗaya. A nan Auto ta ci amanata. Da ta ga duhu sai ta bar marfin a buɗe na 1/15. A ce hannun makaɗi yana gudun mita 3 a sakan. A 1/15 ya yi tafiyar santimita 20 marfi na buɗe, shi ya sa ya fito kamar hayaƙi. A 1/500 kuwa milimita 6 kawai zai yi. Don haka ni yanzu daga nan nake farawa, kafin in taɓa komai. Mawaƙin da ke tsaye yana ɗan rausaya, 1/250. Mai kalangu ko masu rawa, 1/500 in haske ya yarda. Mai goge ko gurmi da ke zaune, kana iya sauka zuwa 1/125. Wani zai ce ai kyamararsa tana da abin hana girgiza. Gaskiya ne, amma girgizar hannunka take tarewa. Ba ta iya riƙe hannun makaɗi.

Na biyu ƙofar haske, ramin da ke cikin gilashin gaba, wato lens. Lambarta tana tafe a juye, abin da ke rikita kowa da farko: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashin da ake haɗo maka da yawancin kyamarorin masu koyo shi ne 18-55mm, wanda in ka jawo abu kusa ƙofarsa ke tsukewa zuwa f/5.6. Akwai wani ɗan gilashi, 50mm f/1.8, kusan kowane kamfani yana yin irinsa, kuma yana cikin mafi arha. Nawa a gwanjo na saya, bai kai fam 100 ba. Ku yi lissafin da kanku: 5.6 sau 5.6, a raba da 1.8 sau 1.8, zai ba ku kusan 10. Haske ninki goma. Inda wancan ya tilasta maka 1/30, wannan zai ba ka wajen 1/300, a zaure ɗaya, ƙarƙashin fitila ɗaya. In kuna da kuɗin abu ɗaya tak, kada ku canza kyamara, wannan za ku saya. In kyamarar mai ƙaramin sensa ce kuma zauren matsattse ne irin namu, 35mm f/1.8 ya fi, don 50 ɗin zai sa ka yi ta ja da baya har ka taka ƙafar wata Hajiya.

Sai dai shi ma da kuɗinsa. In ƙofa ta buɗe haka, wurin da ke fitowa tangaran ya zama siriri ƙwarai. Kyamara kuma tana son abin da ya fi kusa da ita, mai ƙyalli, wato makirfo. Ina da tarin hotunan makirfo masu kyau na ban mamaki, da wani mutum dishi-dishi a bayansu. Maganin shi ne ka zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, ka ɗora shi a kan ido, ka sa ta a yanayin da take bin abu in yana motsi.

Na uku ISO, wanda aka fi tsorata mutane da shi. Duk wanda ya taso yana jin labaran safe a rediyon babansa a gajeren zango ya riga ya san ISO. In tasha ta yi rauni sai a ƙara murya. Maganar ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Amma ba maɓallin murya ne ya kawo shuuu ba, raunin tashar ne. Ni an gaya mini kada in wuce 800, na riƙe wannan kamar karatun allo, na yi ta samun hotuna masu santsi waɗanda ba kowa a cikinsu. Yanzu ina zuwa 3200, ina zuwa 6400, ban jin komai. Hoto mai yashi, wanda idon mawaƙi ya fito a cikinsa, ana iya rage yashinsa a kwamfuta, in ma an bar shi ba wanda zai yi ƙorafi. Wanda fuska ta shafe kuwa, sai dai haƙuri. Da na san wannan a daren Baba mai kalangu, da yau hotonsa na bangon ɗakin ɗansa.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abin da ya shafe mu mu musamman. Kyamara tana da ma'aunin haske, shi kuma an gina shi ne a kan zaton cewa in aka gauraya duk abin da ke cikin hoto zai ba da toka-toka, tsaka-tsaki. A dandamali kuwa, bayan mawaƙi baƙin labule ne, shi kaɗai fitila ta haska. Sai ma'aunin ya ga duhu ya yi yawa, ya ƙara haske, ya ƙone mutumin. Ga shi kuma mu baƙaƙe ne masu son fararen kaya. Farar shadda da ta sha bugu, ga fuska baƙa a samanta, ga fitila tana dukansu tare. In ka bi fuska, rigar ta zama farin fili, duk aikin da mai ɗinki ya yi wata guda yana yi ya ɓace. In ka bi riga, fuskar ta nutse. Kuma wannan matsala ba yau ta fara ba. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, aka daɗe ana haka. Cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka gyara fim don ya riƙa fito da launuka masu duhu har da masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Kyamarorin yau sun fi na da nesa, amma har yanzu sai ka tsaya a kansu.

Abin da nake yi shi ne in koma M, inda ni nake yanke komai. In ɗauki ɗaya, in duba. Akwai saitin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo, ku kunna shi. In rigar tana ƙyaftawa, in rage kaɗan har ta daina, ko ya rage 'yan wurare ƙanana. Fuskar za ta ɗan yi duhu, sai in ɗago ta daga baya. Wannan kuma ba zai yiwu da kyau ba sai ka ɗauka a RAW. JPEG matakin haske 256 yake ajiyewa a kowane launi. RAW yana ajiye 4,096, a wasu kyamarorin 16,384. Abin da ya nutse a duhu ana iya cetonsa. Abin da ya ƙone fari ya tafi ke nan. Kuma kada ku yarda da allon bayan kyamara a cikin duhu, komai kyau yake yi a can.

Sai fitilun nan masu launi da mai kayan sauti yake zuwa da su, yana alfahari. Kwanukan da na ce suna cikin sensa, kowanne launi ɗaya yake karɓa. Tsarin da wani injiniyan Kodak, Bryce Bayer, ya yi wa rajista a 1976 shi ne har yau a yawancin kyamarori: rabi kore, kwata ja, kwata shuɗi. In aka kunna jar fitila zalla, kusan kwata ɗin kwanukan ne ke aiki, su kuma nan da nan sun cika sun tumbatsa. Shi ya sa fuska take zama kamar an shafa mata manja, babu hanci babu kumatu. Dabara biyu na sani. Ka jira, don fitilun zagayawa suke yi, fari ko ruwan ɗorawa zai dawo. In bai dawo ba, ka rage haske, ka mayar da hoton baƙi da fari a gida. Ta uku, wadda ta fi duka, ba ta cikin kyamara: ka je da wuri, ka gaisa da mai fitilun, ka roƙe shi ya bar fara guda ɗaya a kan mai waƙa. Bara da kwalbar lemo na sayi wannan alfarmar.

Wani lokaci kuma za ku ga hoto ya fito da ratsi-ratsi kamar jakin dawa. Fitila ce ke ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa. Lantarkin nan Birtaniya, kamar na gida, 50 yake juyawa a sakan, fitilu da yawa kuma suna ƙiftawa sau 100. 'Yan uwanmu na Amurka da Saudiyya nasu 60 ne, wato 120. Fitilun LED na dandamali su kuma da kunnawa da kashewa cikin sauri ake rage musu haske. In kun ga ratsin, ku kashe shota marar sauti ku koma mai ƙara, in bai tafi ba ku ɗan rage sauri.

Na san tambayar da ke bakin wasu: me zai hana a kunna filasha a huta? Malick Sidibé na Bamako, wanda ya rasu a 2016, da filasha ya ɗauki matasan garinsu suna rawa da dare a shekarun 1960, kuma hotunan nan ne suka kai shi har ya karɓi Zakin Zinariya a baje kolin Venice a 2007. Don haka ba zan ce filasha haramun ba ce. Amma shi a tsakiyar masu rawar yake, taku biyu tsakaninsa da su, sun san shi, su suka gayyato shi. Haske yana raguwa ne da nisa sau nisa. Abin da ke mita 20 yana samun kashi ɗaya cikin ɗari na abin da mai mita 2 yake samu. Duk wanda ya kunna filashar waya daga bayan zaure, ƙeyar na gabansa kawai ya haska. Daga kusa kuma tana kashe launin wurin, tana dukan idon mai kiɗa yana tsakiyar aiki. A manyan wuraren wasa na ƙasar nan, abin da aka saba gaya wa masu hoto shi ne waƙa uku na farko, ba filasha, sannan ku fita. Da yawansu ma ba sa barin kyamarar da ake cire wa gilashi ta shiga sai da izini, don haka ku duba kafin ku sayi tikiti.

Masu waya, ban manta da ku ba, ku ne ma kuka fi yawa. Ku goge gilashin da gefen riga, rabin hazon da kuke gani maiƙon yatsa ne. Kada ku jawo hoto da yatsu biyu, ku taka ku matsa. Ku taɓa fuskar mawaƙin a allo, sannan ku ja hasken ƙasa. Yanayin dare kuma hotuna da yawa yake ɗauka ya haɗe su, ya dace da gini, bai dace da mai rawa ba.

Duk wannan lissafi ne, kowa zai iya koyonsa a mako guda. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne in gane cewa da kunne ake ɗaukar hoton kiɗa. A nan kuma mun fi Baturen da zai zo da kayan fam dubu biyar, don mun san waƙar. Mun san inda mawaƙi zai ja dogon baiti ya tsaya cak, bakinsa a buɗe, makirfo ya ɗan yi nesa. Mun san in ya saki, 'yan amshi za su karɓa, shi kuma ya juyo ya dubi jama'a yana murmushi. Wannan ɗan tsayawar ita ce taka. Hannun mai kalangu ma, in ya kai ƙarshen ɗagawa kafin ya sauko, yana da ɗan lokacin da yake tsaye. In kana bin kiɗan da ƙafarka za ka same shi ko a 1/200. Amshi kuma dawowa yake yi, in ka rasa a wannan zagayen, ka shirya wa na gaba. Haka in ka ji an fara kiran sunan wani ana wasa shi, ka san liƙi na tafe. A nan ƙaramar takardar kuɗi fam 5 ce, shi ya sa ake zuwa da dala ɗai-ɗai, amma hoton duk ɗaya ne. Ka riga su zuwa gefe, don in suka taso ba za ka ga komai ba sai babbar riga.

Wurin tsayawa ma haka. Mawaƙi in da dama yake riƙe makirfo, ka tsaya ta hagunsa, fuskar a buɗe take ta nan. Mai jita yawanci wuyan jitar yake kallo, don haka ta can ake samun fuskarsa. Na taɓa zuwa kallon Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Nijar, a wani ɗan ƙaramin wuri. Na je da wuri na kama gefen da na saba, ina ganin na yi wayo. Ashe bahago ne. Wuri ya cika, ba halin motsi, na kwashe dare ina ɗaukar rawani.

Ku sayi abin toshe kunne, don Allah. Mai hoto a gaban lasifika yake tsayawa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bayarwa ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A 100 ya rage minti 15. Kunne in ya tafi ba ya dawowa, mu kuma muna da sufabaizan da za mu saurara.

Akwai kuskure na biyu da na yi, kuma sai da na nemi izinin mai shi kafin in faɗa, da sharaɗin ba suna. Bayan na iya ɗago duhu a kwamfuta, sai abin ya shiga kaina. Na ɗauki wani hoto mai kyau na mawaƙi, na ja inuwar gefe sama don a ga jama'a, na tura a zaurenmu na WhatsApp. A can gefe, inda a ido duhu ne sosai, akwai wata 'yar uwa tana rawa da ƙawayenta. Ta zaɓi wurin ne don duhun. Kafin azahar hoton ya isa gida, ya isa hannun dangin wanda zai aure ta. Ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Injiniya, ni fa na san inda na tsaya. Kai ka kunna mini fitila." Maganar ta lafa daga baya, an yi auren, alhamdulillah, amma ta yi makonni ba ta barci, kuma ba ta ƙara zuwa daren al'ada ba har ta gama. Tun daga ranar, wanda ya hau dandamali ina ɗaukarsa, don ya fito ne a gan shi. Wanda ke cikin jama'a, in fuskarsa ta fito, sai na nuna masa kafin hoton ya bar hannuna. Inuwar gefe kuma ina barinta yadda na same ta. Ina roƙon shugabanni a sanar tun a ƙofa cewa ana ɗaukar hoto, a kuma ware gefe ɗaya da kyamara ba za ta juya ba, na waya ma haka.

Roƙona na ƙarshe ga waɗanda za su ɗauka bana. Cikin ɗari uku, ku zaɓi goma sha biyar, sauran ku bar su a kwamfutarku. Ku rubuta sunan mai kiɗan, da garinsu, da abin da ya kaɗa, da kwanan wata, a jikin fayil ɗin, don a tantancewar nan na ga hotunan mutanen da babu wanda ya tuna ko su wane ne. Ku turo wa sakatare ainihin fayil ɗin ta imel, WhatsApp matse hoto yake yi. Sannan ku wanke guda ɗaya a takarda ku kai wa makaɗin da hannunku, a makon, kada ku ce sai an kwana biyu.

Na zo da kyamarori biyu, tawa da ta aro, ga su nan a kan tebur. Malam shugaba, in ka ba da izini a kashe fitilun gaba a bar ta ƙofa. Ina neman mutum ɗaya da zai kaɗa mana tebur, da wani mai farar riga ya tsaya kusa da shi. Masu waya ku matso gaba. Za mu fara da 1/30 tukuna, kowa ya ga hannu uku da idonsa.